KH da Hausa: ni dai "ƙarfin kanwa" na zaɓa

Ƴan uwa masu kiwon murjani (halittar teku mai ƙashi kamar dutsi) da kifin teku cikin akwariyom nan Yamai, ba mu da yawa amma ya kamata mu tsaida magana guda kan abinga da ake rubutawa KH ko alkalinite a kwalin gwaji, don nan duk sabon shiga ke ruɗewa.

Gishiri ba gardama, giram 35 a litir ɗaya kamar na teku. pH kuma awon tsami, 8.1 zuwa 8.3. KH ce har yanzu ba ta da suna.

Wani yayanmu ya kawo "taurin ruwa" tunda a faransanci dureté ake cewa. Yaya ka yi haƙuri ban yarda ba, tauri ya fi dacewa da GH wato yawan kalsiyom da manyeziyom, in munka ba su suna guda yaro zai auna ɗaya ya ɗauka ya gama, alhali murjaninshi na can na kwana da yunwa.

Ku duba aikin KH ɗin kanta. Karbonat da bikarbonat ne ke cikin ruwa suna tare tsami kar pH ta faɗi, kuma da su murjani ke haɗawa da kalsiyom ya gina ƙashinshi, shi ya sa kullum raguwa take yi ko ba ka taɓa komai ba. To mi uwayenmu ke jefawa cikin miyar yakuwa in tsami ya yi yawa? Kanwa. Kuma ba kamance kawai ba ne wallahi, kanwar da ake kawowa daga Dallol Bosso ita ma karbonat ce ta sodiyom, dangi ɗaya ne. Ko gwajin haka yake tafiya, kana ɗiga ruwan tsami ɗigo ɗigo cikin ɗan kwalba kana kaɗawa har launi ya juya, yawan ɗigon shi ne ƙarfin. Tsakanin 7 da 9 dKH (ma'aunin KH ke nan) ake so ya zauna, kuma zama wuri guda ya fi lambar kanta muhimmanci.

Tsoro ɗaya gare ni da sunan, kar wani ya ji kanwa ya sayo ta kasuwa ya zuba, tana da ƙasa da datti. Bikarbonat na farmasi za ka narka, kuma kar ka ɗaga fiye da 1 dKH a yini.

Wanda ke da abin da ya fi wannan ya kawo, in babu daga yau ƙarfin kanwa zan riƙa rubutawa. Saura sunan nitirit da nitarat, sinadaran da dattin kifi ke haifarwa cikin ruwa, su ma kullum ana cakuɗa su.