Ƙanwata za ta Dang: waɗanda kuka zauna can, me idonku ya gani?

Yayan Asma'u, Garwa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata ta ci bak, wato jarrabawar kammala sakandare, ta samu gurbi a Jami'ar Gaundare da ke Kamaru. Tun ranar Inna ba ta runtsa ba, wai yaya za a kai yarinya Dang, inda jami'ar take a bayan gari, ba dangin iya ba na baba. Don Allah ku faɗa mana abin da kuka gani da idonku, ba ji-ta-ji-ta ba.

Baba Malam, Marwa: Wa alaikumussalam, ɗana. Ina can a 1993, shekarar da cibiyar karatun da ke Dang ta zama cikakkiyar jami'a. Kafin nan Kamaru duka jami'a ɗaya gare ta, ta Yawunde. A shekarar suka zama 6, ta Gaundare kaɗai ce a arewa, sai 2008 aka kafa ta Marwa, taku ta Garwa kuwa 2022. A 1993 ɗin aka yanke tallafin ɗalibai, aka sa rajista sefa 50,000. Sai da mahaifina ya sayar da raguna biyu. Lokacinmu Dang ƙauye ne, dare na yi sai kukan kwaɗin tafki. Maciji muke tsoro, ba mutum ba. Yanzu gari ya cika, sai yara su ba ka labari.

Anti Hajara: Shekara 3 na yi. Yaya, komai yana ga ɗakin da ka kama mata. Ɗakina na farko mai araha ne, can ƙarshen unguwa, ba katanga ba ƙyaure. Wata na biyu na dawo daga lacca na tarar an ɓalle kwaɗo, an kwashe kwamfuta, tukunyar gas, har buhun shinkafar da Mama ta haɗo ni da shi. Na zauna bakin ƙofa na yi ta kuka, ba wanda ya leƙo, don ba wanda ya san ni. Daga nan na koma wata mini-site, wato gidan hayar ɗalibai, mai ɗakuna 12, yawancinmu mata, da rijiya a tsakar gida, ana rufe ƙofa ƙarfe 10. Ta fi tsada, amma ko cokali ban sake rasawa ba. Ranar da zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ni cikin dare, maƙwabciyata, Kirista 'yar kudu, ita ta goya ni har bakin titi, ta kwana a kaina a asibiti. Da azumi kuwa ita ke buga mini ƙofa in tashi sahur. Har yau muna waya.

Sani, Kusuri: Ni ba ɓarawo ne ya taɓa ni ba, titi ne. Babbar hanyar Gaundare zuwa Garwa ta ratsa Dang, manyan motocin kaya ba dare ba rana, kuma kusan kilomita 15 ne zuwa cikin gari. Na hau babur bayan isha'i, mu uku har da mai tuƙi, fitilar tirela ta kashe masa ido, muka faɗa rami. Wata 2 ina ɗingishi, jarrabawar zango ta wuce ni. Ƙanwarka ta riƙa shiga tasi, kuma ta dawo kafin magariba.

Maman Bilal: A saya mata bargo mai kauri da rigar ruwa. 'Yar Garwa ba ta san sanyin tudun Adamawa ba, kuma watan Oktoba za ta tarar da sauran damina.

Yayan Asma'u: Allah Ya saka da alheri. Na karanta wa Inna duka, sau biyu ta ce in maimaita na Anti Hajara. Asabar za mu hau mota ni da Inna, ta ce sai ta ga ƙofar gidan da maƙwabtan da idonta kafin in biya ko sisi. Anti, ki turo mini kwatancen unguwar ta waya.