Kasuwa Ta Cinye Fagge: Korar Mutane Aka Yi, Ko Su Suka Sayar?

Alhaji Baffa: Assalamu alaikum jama'a. Na ga maganar da ake ta yawo da ita a nan tun jiya, wai "an kori 'yan Fagge daga Fagge". Ban yarda ba. Na tsufa a dillancin gidaje tsakanin Fagge, Ƙofar Wambai da Ƙofar Mata, kuma ban taɓa ganin gidan da aka ƙwace da ƙarfi aka dasa filaza a kansa ba. Magada ne ke zuwa da ƙafarsu su ce a nemo musu mai saye. A ƙirga musu kuɗin da mahaifinsu bai taɓa riƙe irinsa ba, su tafi Rijiyar Zaki ko Ɗorayi su yi ginin bulo mai banɗaki a cikin ɗaki. Ciniki ne aka yi da yardar kowa, kuma ci gaba ne.

Malama Binta: Wa alaikumus salam Baffa. Da yardar kowa, ko da yardar manyan 'ya'ya maza uku da suka zauna da ku a zaure?

Alhaji Baffa: Ke dai Binta ba kya canzawa. Ai kowa sai ya sa hannu.

Malama Binta: Sa hannu kam ana sawa. Amma mu yi lissafi a fili, kowa ya gani. A ce mutum ya rasu ya bar mata 2, 'ya'ya maza 6, mata 8, aka sayar da gidan naira miliyan 80. Kuɗi ne mai cika baki. Matan su ɗauki tumuni, miliyan 10, kowacce 5. Saura 70, a kasa gida 20. Namiji ya tashi da miliyan 7, mace 3 da rabi. To Baffa, a ina miliyan 3 da rabi za ta sayi fili ta kuma gina shi? Ko awon igiya ne a bayan Janguza, ta saya ta zauna tana kallonsa. Ita kuwa a gidan nan tana da ɗaki, in aurenta ya mutu nan za ta dawo da 'ya'yanta. Ranar da aka sayar, wannan ɗakin ya tafi, kuma ba ya cikin lissafin kowa.

Nura Ɗan Kwari: Anti Binta ki yi haƙuri in sa baki. Ita kanta Kwari, babbar kasuwar atamfa da ke Fagge, ai unguwar zama ce da can. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ne 'yan Labanan da Siriya suka zauna a Fagge ta Kudu, kanti a gaba, iyali a baya. Daga baya iyayenmu Hausawa suka karɓe harkar, gidajen suka koma shaguna gaba ɗaya. Da a lokacin an ce kada a taɓa gida ko ɗaya, da yau ina dubban mutanen da ke cin abinci a Kwari za su? Fatake daga Nijar, Chadi da Kamaru ba don su kalli soraye suke zuwa ba. Kuma Faggen tun asali zangon fatake ce, ayarin Azbinawa nan yake sauka. Kasuwa ba baƙuwa ba ce a wurin.

Injiniya Kabiru: Nura ya faɗi gaskiya ta wani ɓangare. Ni rigimata ba da kasuwa ba ce, da yadda take shigowa ne. Lungun da aka yi don mutum da jaki, yau a kansa ake dasa bene hawa 4, ƙasa shaguna, sama sito, ba wurin ajiye mota, ba wurin sauke kaya, ba a ƙara faɗin kwata ko da taku ɗaya ba. Mai gini ya cinye filinsa kaf har ya ɗan ci na hanya. Doka ta ce kafin a mayar da gidan zama wurin kasuwanci sai an sami izini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano. Ku zaga ku ga gine-ginen, ku faɗa mini ko sun yi kama da abin da wani ya zauna ya duba. Damunar 2022 da ruwa ya shiga Kwari ya jiƙa dilolin atamfa da shadda, su kansu 'yan kasuwar cewa suka yi gini a kan hanyar ruwa ne ya jawo. Ga kududdufan cikin gari da suke shanye ruwan sama, ana ta cike su ana yankawa.

Kuma Baffa, ga yadda "yardar" take samuwa. Gida na farko a layi ya sayar da son ransa, na yarda. Na biyu ya wayi gari da katangar bene ta tsare masa iska, masu sito suna leƙa tsakar gidansa daga sama, matansa ba sa iya fitowa wanke-wanke sai da mayafi. Tirela ta toshe bakin layi tun asuba, janareta na ruri har magariba. Da daddare kuma layin ya zama kufai, daga maigadi sai karnuka. Bayan shekara 2 shi ma ya aiko a kira ka. A takarda ya sayar ne. Ni ban san sunan da zan ba abin ba in ba kora ba.

Alhaji Baffa: Injiniya, kora ita ce abin da aka yi wa mutanen Maroko a Legas a 1990, gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta turo katafila ta baje unguwa sukutum, yau wurin na masu kuɗi ne. Wannan ita ce kora. Kada mu ɓata kalma. Kuma ko Makka ai an rushe. Duk wanda ya san Shamiyya kafin 2008 ya san yau babu ita, ta shiga faɗaɗa Harami. Wa ya ce an yi zalunci?

Barista Aminu: Baffa, tunda ka kai mu Saudiyya, ka ƙarasa da mu Jidda. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 an rushe unguwanni irin su Gulail, Sabil, Kandara da Karantina, inda 'yan uwanmu da yawa suka yi shekaru aru-aru. Diyya ta 'yan ƙasa masu mallaka ce. Wanda yake haya, ko a nan aka haifi kakansa, kayansa kawai ya ɗaure. Su ne mutanen da har yanzu ba wanda ya ambata a wannan muhawarar, kuma a Fagge ma su ne suka fi yawa a gidaje da dama: ɗan dako, tela, mai wankin hula, mai shayi, malamin makarantar allo da ke zaune a soro. Ba su da kaso a gado, ba a kiransu zaman ciniki. Labari kawai suke ji cewa gida ya zama na wani Alhaji, a tashi bayan salla.

Sani Ɗorayi: Duk wannan Ganduje ne ya buɗe ƙofar. Filin Idi, Otal ɗin Daula, jikin badala, har harabar makarantu, me ya bari?

Nura Ɗan Kwari: To shi Abba da ya zo a 2023 ya sa katafila cikin dare fa? Mutane nawa ya karya?

Sakatare: Sani, Nura, don Allah. Mun yi alkawari ba jar hula ba tsintsiya a nan. Wanda ya ƙara zan cire saƙonsa.

Barista Aminu: Sakatare ka bar ni in ɗauki abu ɗaya daga ciki, ba siyasa ba. Masu shagunan Filin Idi da aka rushe a watan Yunin 2023 suna da ƙungiya, suna da takardu, suna da kuɗin lauya. Suka je Babbar Kotun Tarayya, a watan Satumba ta ce gwamnati ta biya su naira biliyan 30, daga baya aka yi sulhu a kan biliyan 3. Ko an ce kaɗan ne, sun sami inda za su kai kuka. Duk garin nan an yi watanni ana maganarsu a rediyo. Ɗan hayar da aka tasa daga Fagge ko Ƙofar Wambai, wa ya taɓa jin an yi shiri a kansa? Rusau ɗin gwamnati yana da ƙara, shi ya sa ake ganinsa. Wannan kuwa gida ɗaya-ɗaya yake tafiya.

Alhaji Baffa: Barista, da girmanka. Kai yaushe rabonka da kwana a Fagge? Kana Nasarawa cikin fanka da ruwan famfo kana so wasu su zauna su tsare maka unguwar kakanni don in ka zo gaisuwar salla ka ji daɗi. Ni nake shiga gidajen nan. Mutum 30 a kan masai ɗaya. Katangar ƙasa ta rabe, azara ta ruɓe, kowace damuna ana fargabar ɗaki ya rufta kan yara. Magada 14, ba mai iya gyarawa, kuma ba mai yarda ɗan uwansa ya gyara don kada gobe ya ce nasa ne. Wannan gidan in ba a sayar ba, faɗuwa zai yi, a rasa gidan a rasa kuɗin. Ku faɗa mini wanda zai ba su kuɗin gyara, ni kuma in daina kai masu saye.

Barista Aminu: Wannan ta same ni Baffa, ba zan musa ba. Amma ba ta amsa maganar 'yan haya ba.

Gwaggo Hajiya: Salamu alaikum. Jikata ce take rubuta mini. Baffa ƙanina, ni aka sayar da namu, kuma ni ma na dangwala yatsa, ba wanda ya doke ni. Ɗakin da nake ciki yanzu ya fi na da kyau, wannan gaskiya ne. Amma a can waina nake yi, kafin hantsi 'yan kasuwa sun aiko yara sun kwashe. A nan kowa ya fita tun asuba ya tafi cikin gari nema, wa zan sayar wa? Na ajiye tanda. Ruwa sai na 'yan garuwa. Asibitin Murtala da nake takawa da ƙafa, yanzu sai adaidaita biyu, kuma tun da aka cire tallafin mai kun san yadda kuɗin mota ya koma. Yaran nan maza kullum sai sun koma Kwarin dai, rabin abin da suka samo a hanya yake ƙarewa. Abokan adashina kuwa, wata tana Bachirawa, wata Sheka, wata Mariri. Rasuwar aminiyata sai bayan an kai ta na ji.

Alhaji Baffa: Allah ya jiƙanta Yaya, ya sa ta huta. Ban ce ba a rasa komai ba.

Malama Binta: Allah gafarta Malam, kana karantawa ka yi shiru. Idan wasu magada suna son sayarwa wasu ba sa so, ba abin da shari'a ta tanada?

Malam Habibu: Akwai, Malama. Akwai shuf'a. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda yake da tarayya a gidan da ba a raba ba, idan abokin tarayyarsa ya sayar da kasonsa ga bare, yana da haƙƙin ya karɓe kason. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙin a wurinmu, Hanafawa ne suka ba shi. Sai dai sharaɗin shi ne ya biya daidai abin da baren ya biya. To wace bazawara ce za ta yi gogayya da kuɗin mai sito? Haƙƙin yana nan a littafi, aljihu ne babu. Kuma gidan da ba zai rabu ba sai da ɓarna, idan wani magaji ya nace, alƙali sayarwa zai sa a yi a raba kuɗin. Abu ɗaya da nake yawan ganin ana takewa: matar mamaci tana da haƙƙin ta yi takabarta, wata 4 da kwana 10, a gidan mijinta. Na sha jin ana kawo masu duba gida tun ba a yi sadakar arba'in ba. Wannan Alhaji, da kai da abokan sana'arka nake.

Alhaji Baffa: Na karɓa Malam. Ni dai ban taɓa yi ba, amma ana yi.

Injiniya Kabiru: Akwai hanyar da ba sai an zaɓi tsakanin kango da filaza ba. Mai kuɗi ya gina, shaguna a ƙasa nasa na wasu shekaru, sama ɗakunan zama na magada. Sito kuma, wanda shi ne ainihin abin da ke cinye gidajen, a fitar da shi bayan gari. An mayar da 'yan kasuwar magani Dangwauro, can hanyar Zariya, a 2024, duniya ba ta tashi ba.

Nura Ɗan Kwari: Yallaɓai, 'yan magani hukuma ce ta rufe musu shaguna, ba da son ransu suka tafi ba, ka tambaye su. Kuma baƙona da ya taso daga Damagaram yana so ya ga kaya, ya biya, a ɗaure masa a loda kafin la'asar. In ce masa sitona yana hanyar Zariya? Gobe wurin maƙwabcina zai je. Shi kuma gini na haɗaka, ka taɓa zama da magada 14 a kan kuɗin haya? Ni na gwammace in biya sau ɗaya in huta.

Barista Aminu: To ko ba a kai can ba, akwai abin da za a iya tun yau ba sai an jira gwamnati ba. A rubuta a takardar ciniki cewa 'yan haya suna da wa'adi isasshe, a mayar musu da ragowar kuɗinsu, a ƙara musu na ɗaukar kaya. Kuma mata magada su zauna a wurin ciniki da kansu ko da wakilin da su suka zaɓa, mai unguwa ya shaida, ba a kai musu takarda cikin gida a ce dangwala nan ba.

Alhaji Baffa: Na biyun ba ni da ja. Na farkon kuwa, mai saye ya kawo kuɗinsa yana so ya fara gini kafin damuna, in ka ce ya jira sai ya rage farashi. Magadan ne za su fara zagina. Daga aljihun wa za a cire?

Malama Binta: Daga la'ada mana, Baffa. Ai ta ɓangare biyu kuke karɓa.

Alhaji Baffa: Sakatare, wannan ma ai siyasa ce, ka cire saƙonta.