Na'urar sikanin masu ciki za ta iya duba zuciya a ɗakin gaggawa?

Assalamu alaikum manyanmu. Ina aiki a wani asibiti a yankin Yauri. Ba mu da na'urar eko, wato ta sikanin zuciya, sai ta sikanin masu juna biyu mai lanƙwasasshen kai. Ana yawan kawo mana masu jego numfashi sama-sama, ƙafafu a kumbure, awon jini ya yi ƙasa, ga Birnin Kebbi da nisa. Ya zan yi in gane zuciyar ce ta gaza, ko ruwa ne ya taru a jakarta ya matse ta, kafin in ba da Lasix, maganin da ke fitar da ruwan jiki ta fitsari?

Likita daga Gusau: Wa alaikumus salam Dakta. Za ta yi. Ɗora kan na'urar ƙarƙashin ƙashin ƙirji, ka kwantar da shi kusan shafe da fata, ka nufi kafaɗar hagu. Ta cikin hanta za ka hango zuciyar, don haka ka ƙara zurfi zuwa wajen santimita 20. Majinyaciya ta naɗe gwiwoyi, in za ta iya ta ja numfashi ta riƙe, zuciyar za ta matso. Baƙin da ya zagaye zuciya ruwa ne. In ka ga ɗakin dama na zuciyar yana loɓawa a lokacin da ya kamata ya cika, matsewa ce. A nan Lasix ƙara kayar da jinin zai yi, zuƙe ruwan ake yi da allura, kuma ba ya jira.

Likita daga Argungu: Ƙanena, ka kula da kitsen da ke gaban zuciya, yana ruɗar sabon hannu. Shi yana da ɗan toka-toka kuma bai zagayawa baya. Sannan ka miƙar da kan ka duba babbar jijiyar da ke mayar da jini ta bayan hanta. In ta wuce santimita 2 kuma ba ta motsewa da numfashi, kada ka yi saurin sa mata ƙarin ruwa ta jijiya.

Likitar mata daga Zuru: A masu jego abin da na fi gani shi ne ɗakin hagu ya buɗe, bangonsa da ƙyar yake motsi. Wannan ce Lasix ke taimaka wa, amma in jini ya faɗi a yi hattara. Ka tambayi uwarta batun kunun kanwa, don ana danganta shi da wannan ciwon. Ruwa mai yawa a jakar zuciya kuwa, a ƙasarmu fara tunanin tarin fuka.

Nas daga Gusau: Ranka ya daɗe, in ana danna ƙirji don farfaɗo da zuciyar da ta tsaya, leƙen da na'urar kada ya wuce daƙiƙa 10.