Katanga da kyamara sun isa tsaron cibiyar adana bayanai?

Ɗan Tawa: Assalamu alaikum. Ina aiki a wani ƙaramin asusun ajiya da bashi a nan Yamai, kuma shugabanninmu sun yanke shawarar ɗauke manyan kwamfutocin da ke riƙe da lissafin mambobi daga ofis zuwa wata cibiyar adana bayanai mai zaman kanta. Masu wurin sun nuna mana doguwar katanga, da kyamarori, da ƙofar da ba ta buɗuwa sai da kati da zanen yatsa. Shin wannan ya wadatar, ko akwai abin da ya kamata in tambaya kafin a sa hannu?

Injiniya: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da suka nuna maka shi ne abin da ake nuna wa baƙo, amma manyan asarorin da aka yi a wannan fanni ba ɓarawo ne ya haura katanga ba. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye gini guda na kamfanin adana bayanai na OVHcloud a birnin Strasbourg na Faransa, miliyoyin shafukan intanet suka ɗauke. A watan Oktoba na 2022 kuma wuta ta tashi daga ɗakin batura na wata cibiya a Koriya ta Kudu, manhajar aika saƙonni ta KakaoTalk, wadda kusan duk ƙasar ke amfani da ita, ta tsaya cik. Saboda haka ka nemi a nuna maka inda batura suke, ka ga ko bango mai jure wuta ya raba su da ɗakin kwamfutoci, kuma ka tambayi da me ake kashe gobara, domin ruwa yana lalata abin da wuta ta bari.

Sai maganar kuran, wato wutar lantarki, wadda a ganina ita ce babbar lagonmu. Kowa ya tuna halin da aka shiga a watan Agusta na 2023 lokacin da Najeriya ta katse wutar da take ba NIGELEC, kamfanin lantarki na Nijar. Ka tambayi gurup, wato injin ba da wuta, nawa suke da shi, gazuwal ɗin kwana nawa ke cikin tanki, da ranar ƙarshe da aka gwada gurup ɗin yana ɗauke da nauyin ginin gaba ɗaya. A zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, in na'urorin sanyaya ɗaki suka tsaya, ba a daɗewa kwamfutoci ke kashe kansu, kuma ƙurar hunturu tana toshe matatun iska in ba a kula da su.

Hajiya Mai Lissafi: Malam Injiniya, ban yarda a raina ɓarawo ba, sai dai ta ƙofa yake shigowa. A ƙarshen 2007 wasu mutane sun shiga cibiyar kamfanin Verizon a Landan sanye da kayan ƴan sanda, suka ɗaure ma'aikata, suka kwashe kaya. Mu nan kuma kunya ce ke karya doka, domin da wuya yaro mai gadi ya ce wa babban mutum ya nuna katinsa, ko ma'aikaci ya rufe ƙofa a fuskar wanda ke biye da shi. Ka duba littafin masu shiga, ka ga ko ana raka mai gyaran na'urar sanyi har ya fita, ko ana soke katin wanda ya bar aiki a ranar da ya tafi, da kuma yadda ake lalata tsofaffin faifan adana bayanai na kwamfuta kafin a zubar da su. Kyamarar da ba wanda ke kallonta da dare amfaninta kaɗan ne.

Ɗan Tawa: Na gode, Hajiya. Wurin yana ɓangaren da bai yi nisa da kogi ba, ko wannan ma abin dubawa ne?

Injiniya: Ƙwarai kuwa, wanda ya ga ambaliyar 2020 da ta 2024 a Yamai ba zai yarda a ajiye gurup da tankin mai a ƙasa-ƙasa ba. Ka kuma tabbatar wayoyin intanet ba rami ɗaya suka biyo zuwa ginin ba, domin mai haƙar kwata ɗaya zai iya tsinke su tare. Sannan ka sa a rubuta cikin yarjejeniya cewa kwafin bayananku zai zauna a wani gini dabam, a wata unguwa ko ma a Tawa, domin wasu abokan cinikin OVHcloud sun rasa komai ne saboda kwafin nasu yana harabar da ta kama wuta.