Tumatir ɗina yana yaushi ɓari ɗaya, feshi ya ƙi ci

Mai tambaya, daga Kadawa: Assalamu alaikum 'yan uwa manoma. Tumatir ɗina ya fara fure, sai ganyen ƙasa ya soma ɗorawa, amma ɓari ɗaya na shukar, ɗaya ɓarin kore shar. Rana na take wa ya langaɓe, da asuba ya ɗan miƙe. Na fesa mancozeb sau uku, a banza. Rani huɗu a jere ke nan ina dasa tumatir a fangalolin nan. A taimaka da shawara.

Wani daga Bunkure: Anya ba sharon ba ce, tsutsar nan mai cin ganyen tumatir?

Mai tambaya: A'a ɗan uwa, na san sharon tun ɓarnar 2016. Wannan ba tsutsa, ba zane a ganye.

Malamin gona: Wa alaikumus salam. Tuge guda ka tsaga karan daga gindi, ka duba ko akwai layi ruwan ƙasa a ciki. Sannan ka tsoma guntun karan a kofin gilashi mai ruwa. In farin abu ya zubo kamar zaren madara, bakteriya ce. In ruwan ya zauna garau, galibi Fusarium ne.

Mai tambaya: Malam, layin yana nan, ruwa bai canja ba. To shi tumatir ba ya kare kansa ne?

Malamin gona: Yana yi sosai. Fusarium naman gwari ne da ke zaune a ƙasa, ta saiwa yake shiga ya toshe jijiyoyin da ke kai ruwa sama. Bangon jikinsa akwai kaitin, irin abin da ke ɓawon fara. Da tumatir ya ji shigarsa, sai ya fitar da sinadarin kaitines, wanda ke narka bangon nan. Ga kuma tomatin, guba ce da ke cikin ganye da ɗanyen tumatir, tana huda fatar ƙwayar cutar. Sai dai shi ma ɓarawon da shirinsa ya zo: yana da sinadarin da ke datse kaitines ɗin ya rage masa kaifi, yana da tomatines mai kwance gubar. Shi ya sa irin da bai da juriya yake faɗuwa. Mancozeb kuwa a bayan ganye yake tsayawa, cutar tana can cikin kara.

Dattijo daga Kura: Yaro, ƙasarka ce ta gaji da tumatir. Tuge masu ciwon ka ƙona su nesa da gona, kada ka jefa a kwata. Wajen ban ruwa, fara da masu lafiya, kar ruwan fangali mai ciwo ya gangara musu. Ka kuma sassauta da yuriya.

Malamin gona: Baba ya yi gaskiya, cutar tana shekaru a ƙasa. Baɗi ka sa alkama ko masara a wurin. In za ka sayi iri, duba harafin F a jikin gwangwani, alamar juriya ga Fusarium, kamar Roma VF, kuma kada ka yi renon iri a wannan ƙasar.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, Baba da Malam. Fangali shida ne suka kamu, gobe da sassafe zan fara tugewa.