Za ni Jamus aikin sa kai, me ake yi a wannan semina ta farko?

Ƴar_Zangon_Kumasi:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya taɓa yin weltwärts, wato shirin aikin sa kai na matasa na gwamnatin Jamus, ko yake zaune a Jamus ya taimaka min. Na samu gurbi a ɓangaren da ake ɗaukar matasa daga ƙasashenmu zuwa can, shekara ɗaya zan yi a gidan renon yara kusa da Kolon, biza ta fito Alhamdulillah, tafiya farkon Satumba. To a takardar da suka turo sun ce kafin na fara aiki sai na yi kwana biyar a semina tare da sauran ƴan sa kai na wasu ƙasashe, shi ne hankalina ya ƙi kwanciya, jarabawa ce ake yi? Jamusancina A1 ne kawai, wato matakin farko, in na kasa za su iya maido ni gida? Ga Mama kullum tambayarta abinci da sallah da wurin kwana, ni kuma ba ni da amsar ba ta.

Abu_Hambug:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri. Kwantar da hankalinki, ba jarabawa ba ce, ba a korar kowa saboda yare. Ni BFD na yi, wato aikin sa kai na tarayyar Jamus, a gidan kula da tsofaffi, tsarin kusan ɗaya ne, matashin da zai yi wata 12 sai ya yi kwana 25 na semina amma ba a haɗe ba, ana rarraba su, akwai ta shiga, ta tsakiyar shekara da ta ƙarshe. Kuma kwanakin semina ana lissafa su a cikin kwanakin aiki ne, ba a cire su daga hutunki.
Tamu yawanci da Turanci aka yi ta, ana zama a da'ira kowa ya faɗi sunansa da ƙasarsa da abin da yake tsoro. Abin da nake so ki buɗe kunne a kai shi ne ranar da za a karanta kwantiragi, awa nawa za ki yi a sati, kuɗin aljihu nawa ne kuma yaushe yake shiga, inshorar lafiya, da wanda za ki kira in wurin aiki ya matsa miki. Sai maganar Anmeldung, wato rajistar adireshi a ofishin gari, cikin sati biyu da tarewa ake yinta kuma sai da takardar mai gida, ba ki yi ta ba buɗe asusun banki ma sai ya ba ki wahala. Ki tafi da littafi da biro, wallahi za ki gode min.

Maman_Hanan:
Ƙanwata amsar Mama ce ta sa na tsaya na rubuta. Ni daga Tamale na je, na yi shekarata na dawo. Tun yanzu kafin ki tashi ki rubuta wa ƙungiyar da za ta karɓe ki imel ki ce ba kya cin naman alade kuma ɗakin mata kike so, kar ki ji nauyi ko kaɗan, su mutanen can in ba ki faɗa ba ɗauka suke komai lafiya lau. Ni kunya ta hana ni magana, kwana biyu na farko burodi da shayi kawai na iya ci don ban san me ke cikin miyar ba, sai da wata yarinya ƴar Indonesiya ta ja hannuna muka je wajen mai kula da mu, a take aka gyara. A fom ɗin abinci ki zaɓi vegetarisch, wato abinci marar nama, shi ya fi sauƙi. Ki haddace kalmar Schwein, alade kenan, kuma ki dinga duba kalmar Gelatine a bayan ledar alewa, don sau da yawa daga alade ake samo shi.
Wurin kwana irin masaukin matasa ne, mu huɗu a ɗaki duk mata, gado mai hawa biyu. Sallah kuwa ba wanda ya hana ni, dadduma na shimfiɗa a ɗaki lokacin hutun cin abinci. Ki saka manhajar lokutan sallah a waya don lokaci yana juyawa sosai, a Disamba kafin ƙarfe biyar magariba ta yi, da bazara kuma rana na kaiwa wajen goma saura kafin ta faɗi.
Abin da ya fi min amfani ba darasin ba ne ma, mutanen ne. A watan Janairu da sanyi da duhu da kewar gida suka taso min, ƴan gurup ɗin WhatsApp na seminarmu su suka riƙe ni, ɗaya daga Peru ɗaya daga Yuganda, har gobe muna gaisawa. Don haka kar ki shige ɗaki ki kulle kanki da yamma, ki fito ki zauna da su ko ba ki jin duk abin da ake faɗa.

Malam_Sidi:
Ni tambaya gare ni, wa ya nema miki gurbin? In wani ejan ne yake cewa ki turo kuɗin semina to ki yi hattara. Wannan shiri ma'aikatar raya ƙasashe ta Jamus ce ta kafa shi a 2008, ɓangaren naku ya zo a 2013, kuma ita ke ɗaukar mafi yawan kuɗin.

Ƴar_Zangon_Kumasi:
A'a Malam, ta ƙungiyar da nake koyar da yara a nan Kumasi na bi, ba wanda ya karɓi ko sidi ɗaya a hannuna. Na gode ƙwarai, Yaya Abu da Anti na karanta wa Mama duka, har ta yi murmushi. Imel ɗin yau zan tura insha Allah. Saura rigar sanyi, na saya a kasuwar Kejetia ko na bari sai na isa?

Maman_Hanan:
Sayi suwaita biyu da takalmi rufaffe a Kejetia, Satumba sanyin bai yi tsanani ba. Babbar jaket ki bari sai can, akwai shagunan gwanjo masu kyau da araha. Sai dai ki tuna ranar Lahadi kantuna a rufe suke, in jirginki ranar zai sauka ki saka gari da shito a jaka.