Wai Kind of Blue ne sarkin faifan jazz, ko zuzuta shi aka yi?

Baban Ummi: Jama'a ni fa ina nan kan bakana, duk wanda ya ce in zaɓa masa faifai ɗaya tal a kiɗan jazz to Kind of Blue na Miles Davis mai busa ƙaho zan miƙa masa. 1959 aka yi shi, zama biyu kacal a situdiyo a New York, ga John Coltrane da Cannonball Adderley a saksofon, ga Bill Evans a fiyano, Paul Chambers a bas (babbar goge) da Jimmy Cobb a ganga na riƙe da baya. Ina za a sake tara irin waɗannan a ɗaki ɗaya?

Ɗan Zariya: Yaya ban ce ba shi da daɗi ba, amma wallahi an zuzuta shi da yawa. A shekarar nan ta 1959 Charles Mingus ya fitar da faifansa Mingus Ah Um, kuma shi akwai jini a jikinsa, akwai fushi. Kiɗan Fables of Faubus da ke cikinsa fa gwamnan jihar Arkansas ta Amurka, Faubus, yake caccaka, wanda ya tura sojoji suka tare yara baƙar fata a ƙofar makaranta a Little Rock a 1957. Kind of Blue kuwa yanzu a gidajen cin abinci ake sa shi mutane na ta hirarsu.

Baban Ummi: To laifin faifan ne ko na masu hirar? Ka zauna ka ji So What, kiɗan farko a faifan, da kyau. Kafin nan 'yan bibop, salon jazz mai sauri, kowane ɗan taki sai an sauya kod, wato haɗin sautukan da ake busa a kai, mai busa na ta gudu yana bin su, shi kuma Miles ya ce a zauna kan sauti ɗaya a daɗe, a ɗaga shi kaɗan a tsakiya, a dawo, shi ke nan. Ba inda za ka ɓuya, in ba ka da abin faɗa da ƙahonka kowa zai ji. Daga nan fa Coltrane ya samu ƙofar da ya bi.

Maman Walid: Yauwa ka kawo ni inda nake so. In Coltrane ya bi ƙofar to ya wuce mai ƙofar nesa ba kusa ba. Faifansa A Love Supreme a Disamba 1964 aka ɗauke shi, zama ɗaya, shi da McCoy Tyner da Jimmy Garrison da Elvin Jones, kashi huɗu ne kuma gaba ɗayansa godiya ce ga Ubangiji bayan ya rabu da shaye-shaye. Kashin ƙarshe, Psalm, addu'ar da ya rubuta a bangon faifan ce yake bi da saksofon layi-layi ba tare da ya furta kalma ba, ni duk lokacin da na kai nan sai tsigar jikina ta tashi. Kind of Blue bai taɓa yi mini haka ba.

Ɗan Zariya: Anti kin gama magana. Kuma ko shirun nan na tsakanin busa da ake yabon Miles da shi, ai shi da kansa bai ɓoye cewa yana koyi da Ahmad Jamal mai fiyano ba. Ku nemo faifan Jamal At the Pershing na 1958 ku ji kiɗan Poinciana.

Malam Audu mai rediyo: Ku yi haƙuri yara in sa baki. Tambaya biyu kuke cakuɗawa, wanne ya fi, da wanne za a fara ba baƙo. In ka ɗauki wanda bai taɓa jin jazz ba ka kunna masa Pursuance, kashi na uku na A Love Supreme, Elvin Jones na ta ruwan duka a ganga, guduwa zai yi ba zai dawo ba. Ni Moanin' na Art Blakey nake fara ba mutum, na 1958, don akwai kira da amsawa tsakanin fiyanon Bobby Timmons da masu busa, kunnenmu ya saba da wannan tun daga waƙoƙin gida. Kai kuma da kake Zariya, ka san Yusef Lateef, mai busa ɗan Amurka, ya yi shekaru a jami'ar Ahmadu Bello a farkon shekarun 1980 yana bincike kan sarewa? Eastern Sounds nasa na 1961 ya kamata a ce kai ka fara ambato.

Ɗan Zariya: Baba ina da shi, The Plum Blossom da ke cikinsa kullum sai na ji. Amma shi ba a taɓa ɗora shi a saman kowa ba, shi ya sa ban da rigima da shi.

Baban Ummi: Malam na yarda da Moanin' ga baƙo. Amma ga wanda kunnensa ya nuna ban janye ba. Maman Walid ki koma Blue in Green a cikin Kind of Blue ki ji yadda Coltrane ɗin naki ya shigo bayan Bill Evans, sai ki zo mu yi magana.

Maman Walid: Zan ji yau da daddare in yara sun yi barci. Kai ma ka zauna da Psalm ka buɗe rubutun addu'ar a gabanka kana bi, kada ka taɓa waya har ya ƙare.